Ƙashin Gidanmu Ba Ya Cin Ƙarfe

Kebbe, 6 ga Disamba

Zuwa ga ɗana Gazali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Gero ya shiga rumbu, dawa ce ta rage a gona, shanu sun gangara fadama. Ƙanwarka Ruwaida ce za ta ɗauki hoton wannan takarda ta turo maka, don ka san ni ba na damƙa magana mai nauyi ga wayar da ke yankewa a tsakiyar zance.

To, na ce ina fatan kana lafiya ne don haka ake buɗe wasiƙa, ba don na yarda ba.

Shekaranjiya mahaifiyarka Fatsuma ta hau babur tun daga Tambuwal har ƙofar gidana. Ko ruwa ba ta sha ba ta miƙo mani waya, ta ce, "Malam Sambo, duba mani yaron ga. Siminti na anka sa mai ga ƙafafu, shina ɓoye muna!"

Na duba hotonka da ke cikin wayar. Shekara arba'in da ɗaya ina ɗori a garin nan, ba yau na fara ganin mai karaya ba. Na ga ƙafafunka biyu cikin wani farin abu mai tauri har tsakiyar ƙwauri, an ɗaure shi da maɗaurai. Na ga sanduna biyu a hannunka. Na ga ka tsaya a duƙe, gwiwa a lanƙwashe, tsayuwar wanda ke tsoron ɗora nauyi. Dariyar da ke fuskarka ma na san ta: ita ce wadda majinyaci ke yi idan uwarsa ta leƙo ɗaki.

Karatun kiwon dabbobi aka tura ka Turkiyya, ba hawan dutse ba. Amma wannan faɗan na wata rana ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in tuna maka ko ɗan wane gida ne kai. Ni da marigayi mahaifinka 'ya'yan wa da ƙane ne, kakanmu ɗaya, Atu mai ɗori. Tun daga kansa har yau ba a taɓa sa wa ɗan gidan nan siminti ba, balle a tsaga shi a cusa masa ƙarfe. Ƙashin gidanmu ba ya cin ƙarfe. Ranar da aka ji jikan Atu yana yawo da kusoshi a ƙafa, wa zai sake kawo mana ɗansa?

Saboda haka ka faɗa mani gaskiya: wace ƙafa ce, a ina ta karye, kwana nawa yau, kuma fata ta buɗe ko ba ta buɗe ba. Kada ka bari su taɓa ka da wuƙa kafin ka ji daga gare ni.

Baffanka,
Sambo


Erzurum, 10 ga Disamba

Baffa,

Wa alaikumus salam. Na gode Allah da jin amfanin gona ya shigo lafiya. Ina gaida Ruwaida da kowa na gida. Ni ma lafiya ƙalau nake, kuma wannan karon ba buɗin wasiƙa ba ne, gaskiya ce.

Ka yi haƙuri, na yi dariya har abokin ɗakina ya tambaye ni ko an yi mani albishir. Baffa, ba siminti ba ne, takalmi ne. Sandunan kuma ba na guragu ba ne. A nan akwai wani wasa da ake kira siki: mutum ya ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, ya hau kan dutse, ya zamo a kan dusar ƙanƙara har ƙasa. Kamar zamiyar da yara ke yi a gaɓar gulbi bayan ruwa, sai dai tamu ta fi gudu. Takalmin na roba ne mai tauri don ya riƙe idon sawu, sanduna kuma don daidaita jiki. Allunan ne ba su fito a hoton ba, dusa ta rufe su.

Asabar da Lahadi, da ba a karatu, ina aiki a shagon wani dattijo, Usta Orhan, a gindin dutsen. Yana ba da aron alluna, yana gyara su. Shi ya koya mani wasan tun shekarar da na zo, yanzu hunturu na uku ke nan, kuma ba yabon kai ba, na iya. Matsalata ɗaya: ina son gudu. Usta ya ce cikin allunan gwaji na bara in zaɓi guda in riƙe kyauta, amma sai na gwada kowanne a kan dutse na gaya masa dalilina.

Ashe zaɓen aiki ne. Akwai lausasa na masu koyo, kumfa ce a cikinsu. Suna yafe kuskure, amma da gudu ya yi gudu sai bakinsu ya riƙa karkarwa, ka ji ƙafarka ba ta san inda ƙasa take ba. Akwai masu faɗi kamar faifai, na sabuwar dusa mai zurfi. Da safe, idan dutse ya daskare, kafin ka juya su daga gefe zuwa gefe kwanar ta wuce ka. Akwai sirara na 'yan tsere, suna yanka ƙanƙara kamar aska, amma da yamma, idan jama'a sun tattake dusar ta zama kunya-kunya, sai su nutse su riƙe ka.

Waɗanda zuciyata ta kwanta da su matsakaita ne, ƙugunsu milimita casa'in da biyar, kusan faɗin tafin hannunka, tsayinsu daidai da nawa. Cikinsu itace ne, amma an shimfiɗa masa falle biyu na ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ana gwada tauri ne haka: a dogara gindin allo a ƙasa, a riƙe kansa, a danna tsakiya da hannu. Allon masu koyo sai ya rusuna maka. Wannan kuwa turo ka yake yi. Usta ya ce irinsu ba su da wasa: in ka tsaya a kansu da ƙarfinka, ba abin da zai girgiza ka, in ka ja jiki baya don tsoro, su tafi da kai kamar bijimin huɗa da ya raina mai garma. Shi ya sa nake ta jinkiri.

Da nake danna su sai na tuna ka kana zaɓen karan ɗori a zaure. Baffa, yaya Kaka Atu ke gane karan da zai riƙe ƙafa? Tauri yake dubawa ko faɗi?

Na kira Inna na kwantar mata da hankali.

Ɗanka,
Gazali


Kebbe, 9 ga Janairu

Gazali,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Hidimar dawa ce ta sa ban amsa da wuri ba.

Na karanta takardarka sau fuɗu. Ka iya tsara magana, wannan gadon uwarka ne. Amma ruwa ba ya tsami banza. Mutum mai lafiyar ƙafa, yana ƙasar da ko karan dawa ɗaya babu, me ya haɗa shi da tambayar karan ɗori? Ka cika mani takarda da alluna, ka zo ƙarshe ka saka tambayar da ita ce ainihin wasiƙar. Ni ma na iya wannan dabara.

Duk da haka zan amsa, ko don in kana ɗaure kanka a ɓoye kada ka lalata ƙafar. Ɗanye ba ya riƙewa, lanƙwashewa yake yi. Wanda ya bushe ƙayau tsagewa yake yi. Faɗinsa yatsa biyu: in ya fi haka ba ya rungumar ƙafa, in bai kai ba ya ci nama. Ka ga ashe Turawanka ba su zo da sabon abu ba.

Sai maganar ƙarfe. Sau biyu ka ambace shi, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kana yabonsa kamar mai tallar amarya. Na gane. Share fage kake yi, don ranar da za ka ce mani, "Baffa, ai ni ma an sa mani," in ce ba komai.

To tunda ka zama malamin ƙarfe, amsa mani waɗannan. Idan aka haɗa shi da itacen, itacen ba ya ƙin sa? Ba ya tsatsa a ciki? In sanyi ya yi, ba ya ɗaukar sanyin ya kai wa abin da ke jikinsa? Kuma idan itacen ya riga ya tsage, ruwa ya shiga ya kwana biyu, ƙarfen yana da sauran amfani, ko jefarwa ake yi?

Ka amsa ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa mani su a dunƙule.

Sambo


Erzurum, 12 ga Janairu

Baffa,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa. Wata guda cur ina duba waya, sai ga takarda ta zo ba ko "yaya karatu".

Gaskiya raina ya sosu. Ban taɓa yi maka ƙarya ba tun ina zuwa hutu Kebbe kana sa ni riƙe ƙafar majinyata. Na turo wa Ruwaida bidiyo, ga ni nan ina tsalle da ƙafa ɗaya a tsakar shago, sannan da ɗayar, Usta yana kallona kamar na taɓu. Gani ya kori ji.

Amma tunda ana neman laifi, ga guda. Makon jiya na faɗi. Na ɗauki lausasan nan don in tabbatar da abin da na faɗa maka, na sake su a gangare mai tauri. Ana tsakiyar kwana bakinsu ya hau rawa, gefen ya saki ƙanƙara, na yi ta mirginawa har hulata ta riga ni isa ƙasa. Kafaɗata ta yi tsami kwana uku, ba abin da ya karye. Washegari na bi gangaren nan da masu ƙarfen, da gudun da ya fi na jiya, ko gezau. Sai dai cinyoyina sun gaya mani, don ba a hawansu da lalaci.

Amsoshinka, ɗaya bayan ɗaya. Itacen ba ya ƙin sa, manne su ake yi su zama abu guda. Itacen ke ba da rai, ƙarfen ke hana karkarwa. Ba ya tsatsa, ba irin na garma ba ne. Sanyi ba ya isa ƙafa. Allon da ya tsage kuwa, in an kawo shi da wuri Usta yana busar da shi ya gyara. In aka bari ruwa ya jiƙa cikinsa ya ruɓe, sai bola.

Na karanta wa Usta tambayoyinka. Ya yi dariya, ya naɗe wandonsa ya nuna mani tabo tun daga gwiwa har ƙwauri. Shekara ashirin da biyu ke nan da ƙarfe a ƙafarsa, kuma har yau ban taɓa riga shi isa ƙasa ba.

Yanzu ni ma ina da tawa tambayar. Inna ta ce ba ka zo sunan ɗan Kawu Mannir direba ba, kai da ko akuya ce ta haihu a danginmu sai ka je barka. Ta ce kasuwar Tambuwal ta ci sau biyu ba a gan ka ba. In ta kira, Ruwaida ke ɗauka ta ce kana barci. Kai da barcin hantsi? Rubutunka ma ya kwanta gefe guda, kamar ba a kan tebur aka yi shi ba. Lafiya dai?

Gazali


Kebbe, 20 ga Janairu

Gazali,

Salamu alaikum. Lafiya lau nake, ɗan zazzaɓi ne, ya kusa wucewa.

Wato yanzu ni ake bincike. Na tambayi yaro ƙafarsa, ya juyo yana auna mani rubutu. Uwarka kuma ta zama mai ƙidayar wanda ya zo kasuwa. In ban je suna ba, raguna nawa suka fasa mutuwa?

Na ga tsallenka. Bidiyo ba ya faɗin ranar da aka ɗauke shi. Kuma ga shi da bakinka ka ce ka faɗi, bayan ka rantse mani lafiya ƙalau. Biri ya yi kama da mutum. Wanda ya ɓoye kafaɗa mako guda zai iya ɓoye ƙwauri wata guda.

Wannan Usta naka, ban yarda da shi ba, amma ka tambaye shi. Kwana nawa ya yi kafin ya taka? Yana iya durƙusawa ya yi zaman tahiya, ko miƙe ƙafa yake yi kamar tsohuwa? Da aka kai shi, fatar a buɗe take? In a buɗe take, ta fara wari ko ba ta fara ba? Mutanen garinsu sun daina kawo masa gyara da suka ji shi kansa gyararre ne?

Ka kuma tambaye shi, ranar da ya mutu, da ƙarfen za a binne shi?

Ba don komai nake tambaya ba, don in san abin da suka yi maka ne.

Sambo


Erzurum, 21 ga Janairu

Baffa,

Ina gaisuwa, amma yau ba zan tambayi lafiyarka ba, don na gan ta.

A kan cinyarka aka ɗora takardar jiya aka ɗauki hoto, bisa bargon nan mai ratsin kore. Ta ƙasan hoton bargon ya zame kaɗan. Na buɗe wurin da yatsu biyu har ya cika waya. Na ga bakin kara guda uku. Na ga tsumma. Na ga ƙulli.

Kai ka koya mani ƙullin gidanmu. Ka ce mai ɗori ta wajen yatsu yake zama, yana fuskantar majinyaci, shi ya sa jelar ƙullinmu kullum yatsu take kallo, kuma ta bayan ƙafa ake yin sa. Wannan jelar gwiwa take kallo, kuma ta ciki take. Mutum ɗaya ne a duniya ke zama ta wannan wajen: mai ƙafar. Kai ka ɗaure kanka, Baffa. Na kuma ga yatsunka biyu, sun kumbura sun yi baƙi.

Sai na koma na karanta takardunka daga farko, na ji kunya ta kama ni. Kana tambayata itacen da ya tsage ruwa ya shiga, ni kuma ina ta ba ka labarin alluna, har da cewa sai bola. Wallahi na yi kuka a bayan shago. Ashe wanzami ne ba ya son jarfa.

Ga amsar Usta. Fatarsa a buɗe take da aka kai shi. Ya taka bayan wata uku. Yana zaman tahiya, a bayansa nake sallar Azahar duk Asabar. Mutane ba su daina zuwa ba. Ya ce sun fi yarda da wanda ya san zafin abin. Maganar binnewa kuwa, ya ce a gaya maka Wanda ya halicci ƙashi Shi ya halicci ƙarfe, kuma ba za a tambaye shi a kan kusoshi ba.

Ni ban san Kaka Atu ba, kai ka san shi. Amma kai ka gaya mani bai taɓa ɗaure kara a kan ƙafar da bai yarda zai riƙe ta ba. Wannan ƙafar ta fi ƙarfin kara, kai ma ka sani, shi ya sa kake tambaya. Da ita ka tako daga tasha har gidanmu a Tambuwal ranar da Baba ya rasu, ka ɗauke ni a kafaɗa. Ban yarda a yanke ta don kare sunan wanda ya riga ya kwanta dama ba. Gara a ce Sambo mai ɗori yana da ƙarfe a ƙafa, da a ce Allah ya jiƙan ƙafar Sambo.

Ban nemi izininka ba, ka yafe mani. Na kira Inna, na kira Kawu Mannir. Gobe bayan sallar Asuba motarsa za ta tsaya a ƙofar gidanka, daga nan sai asibitin Sakkwato. In ka ƙi shiga, zan bar jarrabawa in taho, ka kuma san zan aikata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kada ka yi wa Ruwaida faɗa. Ba ta ce mani komai ba.

Ɗanka,
Gazali


Kebbe, 2 ga Maris

Zuwa ga ɗana Gazali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan jarrabawa ta yi kyau. Mun dawo gida kwana tara ke nan. Shanu lafiya, Ruwaida na gaishe ka. Ni ma da sauƙi, kuma a kan tebur nake wannan rubutu, sai ka auna.

Na san uwarka ta ba ka labari, amma nata da gishiri. Ga nawa. Ranar ashirin da tara ga Disamba na hau tsani zan jefa damin dawa na ƙarshe a rumbu, matakala ta karye. Ƙwaurin hagu ne, kuma ƙashin ya leƙo waje. Na mayar da shi da hannuna, na ɗaure, na sa Ruwaida ta rantse. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai in ja bargo in ce zazzaɓi ne.

Ranar da motar Mannir ta zo, Fatsuma ko sallama ba ta yi ba. Ta yaye bargon, ta toshe hanci, ta ce, "Ashe kai na mai ɓoyon! Kana ta tuhumar yaro, kai ko ga ka nan kana ruɓewa. Ko ka tashi, ko in kira maƙwabta su ɗauke ka kamar buhun gero." Na ce mata ba a yi wa namiji tsawa a gidansa. Ta ce, "In ka miƙe tsaye sai in bari." Ban iya miƙewa ba, Mannir ya ɗauke ni.

Likitar ƙashin yarinya ce, ba ta fi Ruwaida da yawa ba. Ta ɗaga hoton ƙashin ta daɗe tana kallo, ta ce wa ya daidaita wannan. Na ce ni. Ta ce ya zauna daidai, ko ita iyakar abin da za ta yi ke nan. Dattin da ya shiga ta raunin ne ya hana shi kamawa, yana cin ƙashin. Sannan ta ce, "Baba, da kun ƙara mako guda, ba maganar ƙarfe za mu yi ba, maganar zarto za mu yi." Na ji tsoro, Gazali, irin wanda ban taɓa ji ba.

Sun wanke, sun kankare, ƙaramin yatsa ɗaya ya tafi. Da na farka na duba, sai na ga sanduna biyu na ƙarfe a wajen ƙafar, kusoshi fuɗu sun ratsa sun riƙe ƙashin. Na ce ashe karan ɗori ne, sai dai su nasu ba ya jin kunyar shiga ciki. Da ba kowa a ɗakin na sa hannu na danna tsakiyarsa, yadda ka ce ana yi. Turo ni ya yi.

Da muka dawo na kwana biyu a ɗaki ina tunanin bargo. Rana ta uku na sa aka shimfiɗa mani tabarma a zaure, na miƙe ƙafar a fili. Kebbe kaf ta zo kallo. Wasu sun yi dariya a bayan hannu, na gan su, na kuma riƙe sunayensu. Ran nan aka kawo Ɗanmaliki mai shanu, sa ya take masa hannu. Fata ba ta buɗe ba, na ɗaure shi da kara ina zaune, yana kallon kusoshina ina kallon hannunsa. Jiya kuma aka kawo wata mata daga wajen Jabo, ƙashi a waje. Na ce a kira Mannir. Mijinta ya ce, "Malam, gidan Atu munka zo." Na nuna masa ƙafata, na ce gidan Atu ne ya aike ku.

Ruwaida ta ce hannunta ne ya goce da take ɗaukar hoton nan. Shekara uku tana ɗaukar mani hoton takardu hannunta bai taɓa gocewa ba. Ban yarda ba, amma na bar ta.

Abu ɗaya ke tsaya mani a rai. Kwana ashirin da fuɗu ina kwance, mutum ya fi sittin sun zauna dab da ƙafar nan, cikinsu har da waɗanda na koya wa riƙon kara. Ba wanda ya gani. Sai kai, daga bayan teku, ta kusurwar hoto, ka karanta ƙulli. Na daɗe ina cewa da na mutu ɗori ya bar gidan nan, tunda wanda na sa wa rai ya tafi zamiya a kan ƙanƙara. Na janye maganar.

Batun allunanka: ka daina jinkiri, ka ɗauki masu ƙarfen, matsakaitan. Ka gaya wa Usta dalilinka shi ne baffanka ya gwada. In ka hau, ka tsaya a kansu da ƙarfinka, kada ka ja jiki baya. Ja da baya ne ya ci mani yatsa.

Amma takalmin nan har yanzu ban yarda da shi ba. Ka cire shi, ka cire safa, ka ɗora ƙafafun a kan wannan takarda tawa don in san ranar, ka turo mani hoto. Ina so in ƙirga yatsu goma, tunda ni tara suka rage mani.

Baffanka,
Sambo mai ɗori